Giyar otomatik tana zafi idan na ja tirela

Tambaya: Malam, a-kori-kurata mai shan dizal ce, giyarta otomatik. Da na ɗaura tirela na fara hawan tudu sai fitilar zafin giya ta kama. Mene ne matsalar?

Amsa: Galibin zafin daga kwanbata yake fitowa, wato ƙullin da ke tsakanin inji da giyabos, wanda da man giya yake miƙa ƙarfi. Muddin bai kulle ba, wato bai haɗe inji da giyabos kai tsaye ba, santsi yake yi yana dama man, shi kuwa dizal ƙarfinsa tun daga ƙasa yake zuwa, sai man ya yi ta dahuwa. Lafiyayyen man giya yana zama wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Selsiyus. Da ya haura 120, ya fara ƙonewa ke nan.

A kan tudu kada ka bar ta tana canje-canje tsakanin giya biyu. Danna Tow/Haul, wato maɓallin jan kaya, in akwai, ko ka sauko da giya da hannunka. Injin zai yi ƙara, ba komai, fanka da famfon mai ne ke samun gudu. In fitilar ta kama, ka faka, ka sa a P, ka bar injin yana aiki. Kashe shi yana tsayar da zagayawar man.

Ɗiga man a farar takarda. Yawanci ja ne garau. In ya yi duhu yana ƙauri, a canza shi tare da filta. Bakanike ya wanke lagireto, domin ta cikinsa man ke bi ya huce, sannan ya ƙara maka ƙaramin lagireton giya a gabansa. Ka kuma duba littafin motar, kada nauyin tirelar ya zarce abin da aka ƙayyade mata.