Barista, yaron da na raina zai tafi kyauta, zan iya hana shi?

Assalamu alaikum Barista. Ina da ɗan ƙaramin kulob na ƙwallon kwando a nan Kaduna, daga aljihuna nake ɗawainiyarsa sai wani kamfani guda da ke taimaka mana da riguna da kuɗin mota. Akwai yaron da na ɗauko a Tudun Wada tun yana shekara 15 ko takalmi ba shi da shi, yanzu yana 22 kuma gaskiya shi ne kulob ɗin, ranar da bai buga ba ko 'yan kallo ba sa zuwa. Kwantiraginmu na shekara 2 ne saura wata 4 ya ƙare, sai ga wani kulob daga kudu suna ta kiransa, ga wani ejan kuma yana masa maganar waje. A takardar mun rubuta ba zai buga wa kowane kulob a Najeriya ba sai bayan shekara 2 da barinmu. Yana binmu albashin wata 3, fasfo ɗinsa kuma yana hannuna. Kamfanin sun ce in ya tafi su ma sun tafi. Zan iya zuwa kotu a hana shi?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka da alheri kan abin da kake wa yaran nan. Amma ba zan ɓoye maka ba, in wata 4 ɗin nan suka cika babu kotun da za ta ɗaure maka shi. Ranar da kwantiragi ya ƙare yaro ya zama mai cin gashin kansa, duk kulob ɗin da ya ga dama zai sa wa hannu kuma ko kwabo ba za a ba ka ba. Kai ko kwantiragin bai ƙare ba ma, kotunanmu ba sa tilasta wa mutum ya yi wa wani aiki da jikinsa, iyakaci su ce ya biya diyyar saɓa alkawari, sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya hana aikin tilas.

Toh sai wancan layin na shekara 2 da kake jin shi ne makaminka. Ka'idar ita ce duk sharaɗin da ke hana mutum neman abincinsa ɓatacce ne tun farko sai in wanda ya rubuta shi ya nuna akwai hankali a ciki, wato wane abu ne yake karewa, faɗin ƙasar da aka hana ɗin nawa ne, tsawon wane lokaci. Kotun Ƙoli ta taɓa amincewa da irin wannan sharaɗi a shari'ar Koumoulis da Leventis Motors a 1973, to amma can maganar ma'aikaci ce da ya san sirrin kasuwancin kamfani da kwastomominsa. Yaronka wane sirri zai ɗauka? Hannunsa ne da tsayinsa, su kuwa nasa ne. A ce ɗan shekara 22 ya zauna shekara 2 bai buga a duk faɗin Najeriya ba alhali ba biyansa kake ba, a sana'ar da mutum in ya wuce 35 an fara ce masa tsoho, ni dai ban ga alƙalin da zai sa hannu a kan haka ba. Kuma ka sani ba babbar kotun jiha za ku je ba, rigimar ma'aikaci da uban gidansa ta kotun ma'aikata ta ƙasa ce a ƙarƙashin sashe na 254C, tana da reshe a nan Kaduna, can kuwa abu na farko da lauyan yaron zai ɗaga shi ne albashin wata 3 ɗin nan, kaga allura ta tono garma kenan, ka je neman a hana shi tafiya ka dawo da umarnin biyan bashi, ƙila ma ya ce ai kai ka fara karya kwantiragin don haka ba sai ya jira wata 4 ba.

Fasfo kuwa don Allah ka mayar masa yau ɗin nan kafin ka gama karanta wannan. Ba naka ba ne, ba jingina ba ne, kuma in ya kai ƙorafi maganar ta tashi daga ta kwantiragi ta koma wani abu daban da ba za ka so sunanka a ciki ba.

Na san za ka ce to ni da na raine shi fa? Wannan ciwon ba kai kaɗai ba ne, manyan masu kuɗin Amurka sun sha shi. A da a gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kulob na iya riƙe ɗan wasa shekara bayan shekara ko yana so ko ba ya so, sai da Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar 'yan wasa a lokacin, ya shigar da ƙara a 1970 aka sasanta a 1976 sannan ƙofa ta fara buɗewa, cikakken 'yanci kuma sai 1988 da Tom Chambers ya bar Seattle ya tafi Phoenix. A ƙwallon ƙafa ma hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a 1995 ne ya kawo wannan tafiya kyauta da muke ji kullum a rediyo. Tun daga nan duk mai kulob yake kwana da sanin cewa ranar ƙarewar kwantiragin tauraronsa tana iya zama ranar da kulob ɗin zai durƙushe. Cleveland ta ci wasa 61 a kakar ƙarshe ta LeBron James kafin ya tafi Miami a 2010, kakar da ta biyo baya 19 kacal ta ci, har da wasa 26 a jere ana lallasa ta. Abin da kake tsoro kenan, kuma kana da gaskiya.

Amma wadda nake so ka duba da kyau Oklahoma ce. A 2016 Kevin Durant ya tafi Golden State bayan kwantiraginsa ya ƙare, ba su samu ko sisi ba. Da aka zo 2019 Paul George ya nuna yana son tafiya sai suka ƙi jira, suka miƙa shi ga Clippers tun yana da sauran kwantiragi suka karɓo wani matashi Shai Gilgeous-Alexander da damar zaɓen sabbin 'yan wasa har 5 a zagayen farko na zaɓen da NBA ke yi duk shekara, wannan matashin ne ya kai su ga kofi a 2025. Kulob ɗaya ne fa, bambancin kawai wancan sun bari takarda ta mutu a hannunsu, wannan kuma sun yi ciniki tana da rai. Kai ma ƙarfinka duk yana cikin wata 4 ɗin nan ne, kuma kullum raguwa yake.

To me za ka yi da su? In kana son ya zauna, fara biyan bashin sannan ka zauna da shi da mahaifinsa ko wanda yake jin maganarsa, ka kawo sabon kwantiragi na shekara 1 ko 2 da ƙarin albashi, ka je wa kamfanin nan ka ce tunda saboda shi kuke nan ku ɗauki wani kaso na albashinsa a rubuce, har da amfani da hotonsa a talla in ya yarda. A ciki a sa adadin kuɗin da duk mai son ɗaukarsa zai biya a sake shi, adadi na hankali ba wanda zai zama kurkuku ba, sannan a sa cewa in wani kulob na gida ya yi masa tayi kana da 'yan kwanaki ka biya daidai da tayin ya zauna. A NBA akwai irin wannan ga matasan 'yan wasa, ana ba kulob ɗan gajeren lokaci ya daidaita tayi, akwai kuma damar da aka sa wa sunan Larry Bird wadda ke barin kulob ya wuce iyakar albashin da gasar ta ƙayyade don riƙe ɗan wasan da ya yi shekara 3 a wurinsa, amma duk wannan daga yarjejeniyar ƙungiyar 'yan wasa da masu gasar ya fito, ba dokar duniya ba ce, kai a Kaduna abin da ka rubuta aka sa hannu shi ne naka shikenan.

In kuma zuciyarsa ta riga ta tafi, kuma a irin shekarunsa yawanci ta tafi ɗin, kira kulob ɗin kudun da kanka. In suna son shi yanzu kafin wata 4 su cika to dole ta hannunka za su bi, nan ne kake da bakin magana, kuɗin saki, ko su ba ka aron yara 2, ko kaso in sun sayar da shi waje nan gaba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In kuma ka samu hujjar suna zuga shi ya gudu tun kwantiragi bai ƙare ba, wannan laifi ne da za ka iya neman diyya a kansa daga wurinsu, ka ajiye saƙonnin WhatsApp da duk wata takarda, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da shaidar waya da kwamfuta in an cika sharuɗɗansa. Amma lura, tambayarsa ina zai je bayan kwantiragi ya ƙare ba zuga ba ce.

Akwai kuma ka ƙyale shi ya ƙarasa maka kaka ku rabu lafiya. Masai Ujiri ɗan Zariyarmu, shugaban kulob ɗin Toronto a lokacin, ya yi haka da idonsa biyu, ya ɗauko Kawhi Leonard zuwa Toronto a 2018 saura masa shekara 1, suka ci kofi a 2019 mutumin ya kama gabansa. Wannan yana da ma'ana ne kawai in akwai abin da kake hange a kakar nan, in babu to asara ce kawai aka jinkirta.

Maganar waje kuma, ba zai buga a wata ƙasa ba sai hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya NBBF ta ba da takardar sakinsa bisa dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kuma abin da ke tare wannan takardar shi ne kwantiragi mai rai, in ya ƙare ba ka da hanyar tare ta. Ka dai taimake shi ya tabbatar ejan ɗin yana da lasisin FIBA, kuma a sa sharaɗin BAT, kotun sulhu ta ƙwallon kwando da ke Jeniba, a kwantiragin da zai sa wa hannu, don in babu wannan layin a takarda ba za su saurare shi ba ranar da aka hana shi albashi a can.

Ka kawo wa lauya ainihin takardar ya karanta kafin ka kira kowa, musamman ranar ƙarewa, da ko akwai layin sabuntawa, da abin da aka rubuta kan jinkirin albashi. Ka haɗo har da na sauran yaran, don ina kyautata zaton irin guda ka ba su duka.