Idan aka rufe wa kayan marmari hanya

Ka ce, "Maigida, ina ruwanmu da faɗan gwamnatoci, mu da sarin kayan marmari ne sana'armu a halaga, babbar kasuwar kayan marmari ta Jidda?" Ɗana, da ruwanmu ƙwarai.

Kayanmu ba shinkafa ba ce da za a jibge a sito har a sasanta. Itace ba ta sauraron rediyo, lokacinta ya yi sai ta nuna. Duk ranar da wata ƙasa ta rufe ƙofa, kayan sai sun nemi wata ƙofar, kuma da gaggawa.

Dubi 2014. A watan Agusta Rasha ta hana shigar 'ya'yan itatuwa daga Tarayyar Turai, don rama takunkumin da aka ƙaƙaba mata kan rikicin Yukiren. Poland ce ta fi kowa noman tuffa a Tarayyar, Rasha kuwa a lokacin ita ce babbar mai saye a wurinta. Farashi ya faɗi warwas a gonakinsu, suka bazama neman kasuwa a Masar da ƙasashen Larabawa. Wata tuffar ma ta riƙa zagayawa ta Belarus, a sauya mata takarda ta shiga Rashar. Ka ga mu ba mu yi faɗa da kowa ba, amma arahar ta biyo mu har gida.

Ɗaya gefen ya fi zafi. A Afrilun 2021 kwastan suka kama ƙwayar maye ta Captagon sama da miliyan 5 a cikin rumman da ya taso daga Labanan, a tashar jiragen ruwa ta nan garin. Saudiyya ta hana shigo da kayan lambu da na marmari na Labanan gaba ɗaya. Manomin yankin Biƙa'a na Labanan da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya kwana ciki. A nan kuwa, duk wanda ya ba da kuɗin kaya tun kafin a yi lodi, sai ya koma bin bashi ta waya.

To ga yadda nake yi. In na ji an sa takunkumi, ba na tambayar wa ke da gaskiya, wannan na masu mulki ne. Ina tambaya: wa ke sayen kayan nan a da, kuma ina za su kwarara yanzu? In wajenmu za su yo, ba na cika ɗakin sanyi a satin farko, don kwantenar da ke baya ta fi ta gaba araha. In kuma mu aka yanke wa, sai in kira mutanena na Masar da Jodan tun dillalai ba su farga ba.

Kai kuma, kwalin da rubutun jikinsa ya saɓa da takardar asalin kaya, kada ka sa hannu ka karɓa, ko da rabin kuɗi aka sallama maka. Kira ni tukuna.