Amsa ga ɗan'uwanmu ma'ajin ikilisiya na wajen Yagwa, arewacin Kamaru

Salama a gare ka ɗan'uwa. Wannan ƙayar da ta soke ka ta taɓa soke ni, shi ya sa na kasa wucewa. Ka ce tun ambaliyar 2024 mutanenku ba su miƙe ba, gundumar ɗarikarku tana neman kasonta na baiko cif, wasu dattawa kuma sun ce ka rage baiko a littafi don kason ya yi sauƙi, lamirinka ya hana ka barci. Kana tambaya ko ƙin biya zunubi ne.

Ni ne ke riƙe da jakar ikilisiyarmu a wani ƙauye wajen Pitowa a 2012, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo, Binuwai ta haye gonaki. Masara ta tafi, audugar da muke sa ran kuɗinta daga kamfanin auduga na Sodecoton ta ruɓe a tsaye. Ranar Lahadi in na juye kwandon baiko, daga dala biyar sai dala goma, wata rana har da ƙwai biyu a ƙulle cikin tsumma.

A haka muka je taron gunduma. Shugaban da muke da shi a lokacin ya ɗauki takarda yana kiran ikilisiyoyin da ake bi bashi, da ya zo kan tamu ya ce in miƙe. Na miƙe. Ya buɗe Malakai 3, wurin da aka yi maganar yi wa Allah fashi, ya karanta yana kallona ta saman tabarau, sannan ya tambayi jama'a me ake kiran wanda ya riƙe kayan wani. Wasu suka yi dariya. Ɗan'uwa, mutumin nan bai fi wata guda ba da ya zo ƙauyenmu, mu muka zuba masa mai a mota, matanmu na zumunta suka yanka masa zakara alhali 'ya'yansu kunu suka sha suka kwanta. Ya ga gidajen da suka zube da idonsa. Bai bar ni na ce uffan ba, sai ya ce in zauna, lokaci ya ƙure. Daga nan aka hana fasto zuwa ba mu Jibin Ubangiji har sai mun biya. Abin da ya fi ci mini rai, tsohuwar da ke sa ƙwan nan a kwandon baiko ta rasu a kakar, aka aiko a duba ko katinta na biye kafin a turo mai yin jana'iza. Kati! Gawa na kwance a ɗaki, ana neman hatimi a kati. Mai bishararmu ne ya yi ta maza ya binne ta. Ɗanta bai sake taka majami'a ba har yau. Na yafe wa shugaban, ya ma riga mu gidan gaskiya, amma in na tuna tabaran nan sai in ji ɗaci a bakina.

To duk da haka, kada ka taɓa littafin nan. Ko dala ɗaya kada ka rage. Ka duba Ayyukan Manzanni 5, Bitrus ya gaya wa Hananiya gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne, ƙaryar ce ta kashe shi. Dattawan da suke zuga ka, ranar da masu bincike suka zo hannunka za a gani a takarda, su kuwa za su ce ba su da masaniya.

Kason kansa ba na ƙinsa. Da shi ake riƙe makarantar Littafi Mai Tsarki, da shi ake ciyar da fastocin da ikilisiyoyinsu suka watse a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga saboda Boko Haram, da waɗanda suka tsufa. Mun kuma yi alkawari lokacin da muka shiga ɗarikar. Amma Bulus da kansa ya ce a 2 Korintiyawa 8:12 ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. A wannan surar kuma bai ɗauki kuɗin Urushalima shi kaɗai ba, ya sa Titus da waɗansu 'yan'uwa a ciki don kada a zarge shi. Saboda haka tambayar ina kuɗin yake zuwa ba rashin kunya ba ce, hakkinku ne, ku yi ta a taro ba a gindin bishiya ba.

Mu wasiƙa muka rubuta da Faransanci, dattawa duka suka sa hannu, masu dangwale suka dangwala, muka faɗi abin da ya shigo da abin da za mu iya, muka aika kwafi hedikwata, ba gunduma kaɗai ba. An daɗe ba amsa, daga baya aka raba mana bashin muka biya kaɗan-kaɗan. Kuma kada ka ci bashi da sunanka don rufe kaso, na san wanda ya sayar da babur ɗinsa saboda haka, matarsa ta yi yaji. Matarka ma ka gaya mata halin da ake ciki, kada ta ji a bakin 'yan zumunta.

In ta Orange Money kuke turawa, saƙon waya bai isa ba, ka nemi rasit mai hatimi. Ka kuma gaya mana, kason naku a kan baiko kaɗai ake lissafa shi ko har da zakka da godiyar kaka? Namu har gudummawar gyaran rufi suka so su haɗa.