Koyar da darasin zamantakewa na Najeriya a Jidda

Malama kin ce yaran a Jidda aka haife su, kina koya musu manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu a Najeriya, amma sai kallonki suke kamar kina ba su tatsuniya. Haka ne, yaron da bai taba ganin kasuwar Kurmi ba, in kin ce ya haddace jihohi 36 da kananan hukumomi 774 zai haddace, amma gobe ya manta. Ni da abin da suka sani nake farawa, sarauta a Saudiyya, zabe a gida Najeriya, sai hadewar Arewa da Kudu ta 1914 da 'yancin 1960 su shigo a hankali. Kar ki zubar da tarihin kasar da suke zaune, hukuma tana duba wannan, ki tambayi shugaban makaranta ka'idar ma'aikatar ilimi ta Saudiyya tukuna.