Sallar wanda aka sauya masa gwiwa: ina iyakar kujera?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haura shekara 65, an yi mini aikin sauya gwiwa, aka sa mini ta ƙarfe. Ina iya tsayuwa, amma sujada ta gagara. Wasu sun ce in zauna a kujera tun daga kabbarar harama, wasu kuma na cewa ƙarfen da ke jikina canza halitta ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne.

Maganar canza halitta ba ta da tushe a nan. Arfajah bin As'ad an yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka rawaito. Gyara abin da ya lalace magani ne.

Inda ake kuskure shi ne kujera. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husain, a ruwayar Bukhari, ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Rangwame gwargwadon lalura yake zuwa. Tsayuwa a farilla rukuni ce, kuma gazawa a sujada ba ta sauke ta. Tunda kana iya tsayuwa, ka yi kabbara da Fatiha a tsaye, ka yi ruku'u in yana yiwuwa, sannan ka zauna a kujera ka yi nuni da sujada, kana sunkuyawa ƙasa fiye da yadda ka yi a ruku'u. Ba sai ka ɗaga matashi ko wani abu zuwa goshinka ba. Nafila kuwa da sauƙi: Nana A'isha ta ce da shekaru suka ja, Annabi (SAW) kan yi karatun dare a zaune, in saura aya 30 ko 40 ya miƙe.

A makonnin farko, lokacin da ɗinki bai kama ba ko jiri na ɗibarka, ka zauna gaba ɗaya, babu ramuwa. Wankan wajibi ka shafa a kan bandeji. Alwala ba ruwanta da gwiwa.

Kada kuma ka matsa wa kanka zaman tahiya a ƙasa don gudun surutun mutane. Gwiwar ƙarfe galibi ba ta naɗewa har diddige ya taɓa mazauni, don haka likitanka ne zai ce ga lokacin da za ka gwada durƙuso. Ladanka na nan, domin hadisin Abu Musa ya nuna ana rubuta wa mara lafiya abin da ya saba yi yana lafiya.

Ɗaya ɓangaren ma ina ja maka kunne. Na sha ganin dattijo ya warke, yana hawa bene, amma ya shiga masallaci sai ya nufi kujera. Likitoci kan tayar da mutum ya taka a ranar aiki ko washegari, saboda kwanciya na sa gwiwa ta sandare, jini ya daskare a jijiya. Ka riƙe atisayen masu gashin ƙashi ko da zafi, kuma ƙarfi kan ci gaba da dawowa har kusan shekara. In an ba ka izini, ka ɗauki sandarka ka taka zuwa jam'i, kana duba halinka lokaci-lokaci: duk rukunin da ƙarfinsa ya dawo, wajibcinsa ya dawo.

Wallahu a'alam.