Na tuba sau da yawa amma ina komawa zunubi ɗaya, ko har yanzu Allah yana kirana?

Tambaya: Fasto, akwai wani zunubi da na daɗe ina fama da shi. Nakan tuba har da hawaye, in yi wa Allah alkawari, kwana biyu kuma in sake faɗawa. Ga shi an roƙe ni in koyar a makarantar Lahadi, zuciyata ma tana so, amma ina ganin kaina munafuki ne. Tubana na gaskiya ne kuwa? Allah zai yi aiki da irina?

Amsa: Ɗan'uwana, alheri da salamar Ubangiji su tabbata a gare ka. Damuwar da ta sa ka rubuto alama ce mai kyau, domin wanda zuciyarsa ta taurare ba ya yin irin wannan tambaya.

Ina so ka dubi mutum biyu da suka yi wa Yesu laifi a dare ɗaya. Yahuza Iskariyoti ya bashe shi a kan kuɗin azurfa 30. Bitrus ya yi musun saninsa har sau uku a farfajiyar babban firist. Dukansu sun ji zafin abin da suka yi. A Matiyu 27 Yahuza ya mayar da kuɗin, ya ma furta da bakinsa cewa ya ci amanar marar laifi. Mutane da dama ba su lura da wannan ba: ya yi nadama, ya faɗi laifinsa, ya mayar da kuɗi. To, me ya rage masa? Ya kai nadamarsa wurin manyan firistoci, suka ce ba ruwansu, daga nan ya yanke ƙauna ya rataye kansa. Bitrus kuwa ya fita ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan'uwa ba. Da ya ji cewa Ubangiji ne tsaye a bakin Tekun Tibariya, sai ya faɗa ruwa don ya isa wurinsa.

Bulus ya bambanta waɗannan nau'o'in baƙin ciki biyu a 2 Korantiyawa 7:10. Akwai baƙin ciki irin na Allah, wanda yake kai ga tuba da ceto, akwai kuma baƙin ciki irin na duniya, wanda yake kai ga mutuwa. Don haka kada ka auna tubanka da yawan hawaye. Tambayi kanka inda kake nufa bayan ka faɗi. In kana daina addu'a da zuwa sujada har sai ka ji ka ɗan tsarkaka, wannan hanyar Yahuza ce, ko da ka ɗauke ta a matsayin tawali'u.

Batun ko Allah ya gaji da kai ba ya buƙatar dogon bayani. Yesu ya gaya wa Bitrus ya yafe wa ɗan'uwansa har bakwai sau saba'in, ba kuwa zai umarce mu da jinƙan da ya fi nasa ba. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana.

Sai dai dole in gaya maka abin da zai yi maka nauyi. A wasiƙarka na ga hawaye da alkawari, ban ga abin da ka canza ba. Da Zakka ya tuba, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma zai biya shi ninki huɗu. Kai ma ka san lokacin da kake faɗawa, da wurin, da abin da yake jan ka. Ka yanke su, ko da zai yi maka tsada. In akwai wanda ka cuta, ka neme shi ka gyara. Ka daina yaƙin nan kai kaɗai kuma. Yakubu 5:16 ta ce mu riƙa furta wa juna zunubanmu, muna yi wa juna addu'a. A ganina ɓoyewa ita ce babban abin da ke ciyar da irin wannan zunubi.

Game da kiran, Yesu ya san Bitrus zai faɗi tun kafin ya faɗi, duk da haka ya ce masa in ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. A Yahaya 21 ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kowane karo yana danƙa masa kiwon tumakinsa. Mutumin nan ne ya yi wa'azi ranar Fentikos, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Saboda haka faɗuwa ba ta soke kira.

Amma koyarwa amana ce, musamman koyar da yara. Kafin ka amsa, ka je wurin fastonka ko wani dattijon ikkilisiya mai riƙon asiri, ka gaya masa gaskiyar abin da kake fama da shi. In ya ce ka fara, ka fara, kana ba shi rahoton halin da kake ciki a kai a kai. In ya ce ka dakata, musamman idan zunubin yana iya cutar da waɗanda za ka koyar, ka yi biyayya ba tare da ɓacin rai ba, ka roƙe shi wata hidima da za ka riƙa yi kafin lokacin ya yi.