Bangaskiya ko maya haihuwa: wanne ke gaba?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Aboabo, Kumasi: "Ina jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki da Hausa kowace Laraba da yamma. A cikinmu akwai 'yan Presbyterian, da 'yan Methodist, da waɗanda suka taso a cocin Fentikos. Muna kan Yahaya sura 3 sai gardama ta kaure. Wani dattijonmu ya ce sai Allah ya maya haihuwar mutum kafin ya iya ba da gaskiya. Wata mama ta ce a'a, mutum yakan ba da gaskiya tukuna, sannan a sāke haihuwarsa. Kowa ya kawo ayarsa. Wanne ne daidai, kuma me zan koya musu?"

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Kafin a ce wanne ke gaba, sai a san wane irin gaba ake nufi. Idan na lokaci ne, babu tazara. Littafi Mai Tsarki bai nuna mana mutumin da aka sāke haihuwarsa ran Litinin ya zauna ba bangaskiya har Juma'a ba, bai kuma nuna mai bangaskiya ta gaske da yake zaman jiran sabuwar haihuwa ba. John Wesley da kansa, uban Methodist, ya faɗa a wa'azinsa kan sabuwar haihuwa cewa ta fuskar lokaci baratarwa (wato Allah ya gafarta wa mai bangaskiya ya karɓe shi a matsayin mai adalci) da sabuwar haihuwa tare suke faruwa, a tunani ne kawai ake jera su. Malaman ɗarikar John Calvin, wanda koyarwarsa ce tushen Presbyterian, ma haka suke cewa game da baligin da ya ji bishara. Abin da ake gardama a kai shi ne wanne ke jawo ɗan'uwansa. Mai tura amalanke a kasuwar Kejetia, da shi da amalankensa lokaci guda suke motsi, amma kowa ya san wa ke tura wa.

Hujjar Baba dattijo ta fara daga halin da mutum yake ciki. Afisawa 2:1-5 ta ce matattu muke cikin laifofinmu, Allah ne ya rayar da mu tare da Almasihu. A Yahaya 6:44 Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi, ya sāke faɗa a aya ta 65. Ya gaya wa Nikodimu cewa in ba a sāke haifar mutum ba, ko ganin mulkin Allah ba zai iya ba, balle shigarsa. Ga kuma Lidiya a Ayyukan Manzanni 16:14: Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta, sai ta mai da hankali ga abin da Bulus yake faɗa. Ayar da masu ra'ayin Baba suka fi riƙewa ita ce 1 Yahaya 5:1, wadda ta ce duk mai gaskata cewa Yesu shi ne Almasihu haifaffe ne daga Allah. Sukan ɗora ta kusa da 2:29 da 4:7 na wannan wasiƙa, inda aka faɗi daidai haka game da mai aikata adalci da mai ƙauna. Tun da ba wanda zai ce ƙauna ce ke haifar da sabuwar haihuwa, in ji su, to bangaskiya ma 'ya ce, ba uwa ba.

Mama kuma ba da ka take magana ba. Yahaya 1:12 ta ce waɗanda suka karɓe shi, suka gaskata da sunansa, su ya ba ikon zama 'ya'yan Allah. Yahaya 20:31 ta ce an rubuta littafin domin ku gaskata, ta wurin gaskatawa kuma ku sami rai. A nan rai yana bin bangaskiya a fili. Afisawa 1:13 ta jera: kun ji, kun gaskata, aka hatimce ku da Ruhu Mai Tsarki. Da mai tsaron kurkukun Filibi ya tambayi abin da zai yi ya sami ceto, Bulus da Sila ba su ce ya jira komai ba, cewa suka yi ya gaskata da Ubangiji Yesu. Sai dai in Mama ta karanta 1:12, a roƙe ta ta ƙara aya ta 13, domin a can aka ce haihuwar ba ta nufin jiki ba ce, ba kuma ta nufin mutum ba, daga Allah take.

Gardamar ta girmi cocinku nesa ba kusa ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, da fari ya ɗauka bangaskiya daga mutum take, alheri ya biyo baya. Tambayar Bulus a 1 Korantiyawa 4:7, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba, ita ta juya shi. Taron shugabannin coci a garin Orange na kudancin Faransa a 529 ya yanke cewa ko mafarin bangaskiya ma baiwar Allah ce. Bayan shekara dubu da wani abu, a 1610, almajiran wani malamin tauhidi mai suna Arminius a Holan suka rubuta batutuwa biyar na ƙorafi kan koyarwar ɗarikar Calvin, taron 'yan ɗarikar a garin Dort na 1618 zuwa 1619 ya mayar musu da martani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne almajiran Arminius ma sun rubuta cewa mutum ba shi da bangaskiya mai ceto daga kansa, alherin Allah ne farko da tsakiya da ƙarshen kowane abu nagari. A kan wannan batu, ga inda suka rabu da Dort: sun ce mutum yana iya ƙin wannan alheri. Dort ta ce sabuwar haihuwa aiki ne da Allah yake yi a cikinmu ba da taimakonmu ba, wanda bai gaza halitta ko tashin matattu iko ba, duk wanda aka yi wa kuwa lalle zai gaskata, da son ransa.

Ka ga ke nan ainihin ɓangarorin biyu duk sun yarda Allah ne ke farawa. Wesley ya kira aikin farkon alheri mai riga zuwa, wanda ke farkar da lamiri ya ba mutum ikon amsawa, in ya amsa da bangaskiya sai a baratar da shi a sāke haihuwarsa. 'Yan Dort suka ce wannan aikin farkon da ya kai mutum ga gaskatawa shi ne sabuwar haihuwar kanta. Dukan koyarwar biyu sun iso Kumasi tun tuni: Thomas Birch Freeman na Methodist ya shigo a 1839, Ramseyer na mishan ɗin Basel, wanda cocin Presbyterian na Ghana ya samo asali daga gare shi, ya kafa tasha a 1896, ga cocinsu nan duka biyu a Adum. Amma kada ka ɗauka kowane ɗan Presbyterian a Ghana ɗan Dort ne. Da yawa cikin mishanonin Basel 'yan Luther ne daga kudancin Jamus, sai bayan an kore su a lokacin yaƙin duniya na farko 'yan Sikotlan suka karɓi aikin.

Akwai wani abu kuma da ke rikita masu karatu. Ba kowa ke nufin abu ɗaya da maya haihuwa ba. Calvin, a kashi na uku na babban littafinsa na koyarwa, ya yi babi guda kan sāke haihuwa ta wurin bangaskiya, yana nufin tuba da sabunta rayuwar mai bi har mutuwa. A wannan ma'ana mai faɗi, bangaskiya ce gaba, ko a wurin Calvin. Magadansa ne suka taƙaita kalmar ga hura rai na farko. Sau da yawa mutum biyu sukan kwana suna musu, ɗaya yana nufin farkon aikin, ɗaya yana nufin dukansa. Tambayi Baba da Mama kowa ya faɗi abin da yake nufi, rabin ƙurar za ta lafa.

Namu ra'ayin: hujjar dattijo ta fi nauyi a kan tambayar wa ya fara, domin Yahaya 6:44 da labarin Lidiya ba su da wata mafita. Amma Sabon Alkawari bai ba mu jadawali ba, kuma ayoyin da suka ɗora rai a bayan bangaskiya ba a share su da dabara. Wanda ya ce ɗan'uwansa ya bar bishara saboda wannan jeri ya wuce gona da iri. Wanda za a tsayar shi ne mai cewa mutum yakan gaskata da ƙarfin kansa, Allah kuma ya biya shi da sabuwar haihuwa. Wannan ba koyarwar Wesley ba ce, ba ta Arminius ba ce.

Ɓarnar da kowace koyarwa ke yi in an karkatar da ita ta fi gardamar muhimmanci a wurinka. A gefen dattijo, sai ka ji mutum yana cewa in Allah ya ƙaddara zai sāke haihuwata, ya naɗe hannu. Babu inda aka umarci mai zunubi ya jira ko ya binciki ko an zaɓe shi. Umarnin shi ne ya tuba ya gaskata, kamar yadda Markus 1:15 ta ce. Ruhu kuma ba ya aiki a sarari haka kawai: Yakubu 1:18 da 1 Bitrus 1:23 sun ce ta wurin maganar Allah ake haifuwarmu, don haka mai barin wa'azi da sunan ikon Allah ya toshe hanyar da Allah ya zaɓa. A gefen Mama, haɗarin shi ne a mai da fitowa gaba da maimaita addu'a bayan fasto su zama inji. Mutum ya ɗaga hannu a taron farkawa, aka rubuta sunansa, aka ce masa an gama, alhali bai san abin da ya gaskata ba. Bayan wata uku ba a ganinsa. Kada kuma a tsare mutum da tambayar ranar da aka sāke haifarsa. Wanda ya taso a gidan masu bi sau da yawa ba shi da rana. Ma'aunin da 1 Yahaya ta bayar na yanzu ne: yana gaskata Yesu, yana ƙaunar 'yan'uwa, ba ya zama cikin zunubi da daɗin rai.

Ran Laraba mai zuwa, raba ajin biyu, amma ka musanya musu ayoyi. Mutanen Baba su karanta Yahaya 1:12, 20:31 da Ayyukan Manzanni 16:30-31, mutanen Mama su ɗauki Yahaya 1:13, 6:44 da Ayyukan Manzanni 16:14. Ba kowane rukuni minti 15 su amsa tambaya biyu: me Allah ya yi a ayar, me aka ce mutum ya yi. Sannan ku karanta Afisawa 2:1-10 tare. In akwai ɗan Katolika ko ɗan Anglican a cikinku, zai ce ai a baftisma ake maya haihuwa, ko da ta jariri ce, ya kawo Yahaya 3:5 da Titus 3:5. Ka ce masa tambayarsa tana da wuri, ka ware mata nata mako, domin in ka haɗa ta da wannan ba za ku tashi ba sai tsakar dare.